Rolar zane tana cinye min kwaɓi, masu yi wa ƙananan sojoji mazauni ku taimaka

Ɗan Yelwa:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta na wasu in wuce, yau dai tura ta kai bango.

Yayana da ke karatu a Ingila ya zo hutu bara, ya kawo min kwali ɗaya na sojojin Warhammer 40,000, guda 10, irin waɗanda ake haɗawa da gam, a yi musu fenti, a jera a tebur a gwabza yaƙi da dayis irin na ludo. Kowanne bai kai tsawon ɗan ƙaramin yatsana ba, kuma yana tsaye ne a kan wani ɗan baƙin faifan roba mai faɗin milimita 32. Wannan faifan nake kira mazauni. Umma kam 'yan tsana take ce musu. Duk sanda ta leƙo ɗakina sai ta ce ga gemu ya fito amma ba a daina wasan 'yar tsana ba. Na riga na saba.

Mazaunin fayau yake zuwa, ba komai a kansa. Biyun farko yashi na zuba musu da farin gam na kafintoci, yashin da na ɗebo a bakin wani gini a layinmu na tankaɗe. Ba laifi, amma da na ga yadda ake murza rola a kan kwaɓi sai ga daɓen duwatsu ya fito tsaf kamar titin tsohon birni, sai yashin nan ya fita a raina. Na dami Yaya har ya aiko min da rola ɗaya ta Green Stuff World, wani kamfani na Sifen. Roba ce garai-garai kamar gilashi, an sassaƙa mata zanen duwatsu a jiki. Ya haɗo da kwaɓin ifoksi iri biyu, irin wanda ake cakuɗa ɓangarorinsa biyu ya yi tauri da kansa: kwalin Milliput ɗaya, da tsiri ɗaya na Green Stuff, wanda rabinsa shuɗi rabinsa rawaya, in an murje su tare ya koma kore.

Ga abin da ya same ni.

Karon farko na haɗa Green Stuff, na liƙa a mazauni, na murza rola nan take. Kwaɓin ya baro mazaunin gaba ɗaya ya nannaɗe rolar kamar tuwo a jikin muciya. Na fi rabin awa ina ɓamɓara.

Karo na biyu na koma YouTube, wani Bature ya ce a bar kwaɓin ya huta kamar minti 30 zuwa 40 kafin a murza, danƙonsa zai ragu. To, na haɗa Milliput, na shimfiɗa a mazauni 3, aka kira la'asar na tafi masallaci, na tsaya gaisawa da mutane kaɗan na dawo. Na tarar ya fara ƙandarewa. Rolar ta bi ta kai sai ɗan alamu kamar sawun kaza a busasshiyar ƙasa. Na danna da ƙarfi, gefe ɗaya ya tsage har baƙar robar ta leƙo, ɗaya gefen ya yi tudu.

Na ukun ma kunyar faɗa nake. Ganin kayan Yaya na ƙarewa, na je wajen masu kayan gyaran mota na sayi irin kwaɓin nan mai kamar alawa da ake toshe tankin da ke yoyo. Mai shagon ya ce min sai ya yi awa guda bai bushe ba. Wallahi ban gama daidaita shi ba ya fara ɗumi a hannuna, na yi sauri na murza, ya daskare a cikin ramukan zanen. Yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rolar a toshe yake da wani abu toka-toka mai taurin dutse.

Saura rabin kwalin Milliput da ɗan guntun Green Stuff kamar tsawon yatsa. Mazauni 8 ke jirana. Ta yaya zan hana shi kama rola, yaushe ake murzawa, kuma rolar nan za ta ceto ko in yi mata salla?

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam ƙanina. Daga Gombe nake, aikina ƙera ƙananan samfurin gine-gine, don haka ni da kwaɓin ifoksi mun sha kokawa.

Baturen nan bai yi maka ƙarya ba, ɗakinsa ya faɗa maka, ba naka ba. Awa 3 zuwa 4 da ake cewa Milliput na ɗauka kafin ya yi tauri sosai, a ɗaki ne mai zafin digiri 20 zuwa 25. A Wales ake yin sa, ƙasar da rana ma sai an yi sa'a. Kai kuma a Yelwan Bauchi kake, da la'asar, cikin bazara, ƙarƙashin kwano, inda zafi ke dosar 40. Shi ifoksi ba bushewa yake kamar laka ba, sinadaran biyu ne ke haɗuwa su ƙulle, kuma zafi ingiza su yake. Abin da masu aiki da shi ke riƙewa shi ne, duk ƙarin digiri 10 yakan rage kusan rabin lokacin da kake da shi. Ka lissafa da kanka. Minti 40 ɗinsa a wajenka bai fi 10 zuwa 15 ba, kai kuma har da tsayawa gaisuwa.

Saboda haka ka daina duba agogo. In ka haɗa kwaɓi, ka gutsuri ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ka ajiye gefe, shi ne ma'auninka. Kana taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa lokaci zuwa lokaci. Muddin yana biyo yatsa, da saura. Da zarar farce ya shiga ya bar shaida kuma bai biyo ka ba, murza, kada ka ƙara ko minti biyu.

Ni bayan asuba nake wannan aikin, kafin gari ya ɗau zafi. A kan guntun tayil nake yi, in ɗora tayil ɗin minti kaɗan a kan ledar fiyawata mai sanyi in goge shi. Kuma kada ka haɗa da yawa. Na mazauni biyu kawai, kamar girman gyaɗa biyu, in sun tafi ka haɗa wani.

Wani abu kuma: haɗa su biyun. Green Stuff danƙo ne da shi kamar cingam, ko ya ƙulle yana ɗan lanƙwasa, kuma samfefa ba ta cin sa da kyau. Milliput ba shi da wannan danƙon, yana tauri ƙyam, ana kankare shi a goge. Ka haɗa kowanne daban har launinsa ya zama ɗaya ba zane-zane, sannan ka cakuɗa su. Da abin da ya rage maka, kashi biyu ko uku na Milliput da kashi ɗaya na koren zai kai ka. In kana haɗa koren ka sani rawayar ita ce mai laushi da danƙo, shuɗin shi ke sa tauri.

Na masu mota kuwa an yi shi ne don ya kama cikin mintuna, mai tanki na yoyo ba jira zai yi ba. Kada ka sake kai shi kusa da rolar.

Rolar ba ta mutu ba. Amma don Allah kada ka zuba mata tina ko ruwan goge farce, ko sifirit. Akirilik ce, za ta yi hazo ko ta tsattsage. Jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu, ka bi ramukan da tsinken sakace. Allura na karce ta, kuma duk karcen da ka yi sai ya fito a kowane mazaunin da za ka yi nan gaba. In ya ƙi, saka ta a firiza ta kwana, wani lokaci yana ɓantarowa da kansa.

Maman Biyu:

Ni ban san sojojin nan naku ba, ƙanina ne ya nuna min wannan zancen yana dariya ya ce Anti ga aikinki a hannun maza. Kek nake yi a Fadamar Mada, kuma muna da irin rolar nan sak, da ita muke fitar da zanen leshi da na bulo a jikin fondan, kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi.

Ɗan Yelwa, tun daga labarinka na farko na ga inda ka kuskure. Kana murza doguwar rola a kan ɗan abu kamar murfin kwalba, dole ta karkata. Ba wanda ke yin haka. Shimfiɗa za ka yi da faɗi a kan takardar gashi ko leda mai kauri, ka fara lailaye shi da abu mai santsi, ko kwalba ma ta isa, ya kwanta daidai. Sannan mai zanen ta hau. Bayan nan ka yanko da'irarka ka ɗora a mazaunin.

Tudu da kwarin da kake samu kuma maganinsa sauƙi. Ka samo tsofaffin katin banki ko makamancinsu, ka ɗora biyu-biyu a dama da hagu, kwaɓin a tsakiya, kwalbar ta bi ta kansu. Ko hannunka ya fi nauyi a gefe ɗaya katin zai tare. In za ka sa mai zanen sai ka cire ɗaya-ɗaya don ta samu ta nutsa.

Ka barbaɗa hoda a rolar, ka kakkaɓe, ka bar ɗan fari-fari kawai. Mu garin masara muke sawa, kai hodar jarirai ta ishe ka.

Sai babban: sau ɗaya ake wucewa. Ka tsaya a tsaye, ba a zaune ba, tafin hannu biyu a kai, ka tura daga gabanka zuwa can ba tsayawa. In ka tsaya a tsakiya layi zai fito. In ka dawo baya zanen zai hau kan zane ya zama shirme. Bai yi ba? Dunƙule ka sake daga farko. Yaran da nake koya wa sai sun ɓata fondan da yawa kafin hannunsu ya yarda da wannan, kullum zuciya na cewa ɗan ƙara.

Kuma rolar da ta taɓa wannan sinadarin kada ta shiga kicin ɗin Umma ko da wasa. Ka gaishe min da ita, ina bayanta a maganar 'yar tsana.

Ɗan Yelwa:

Na gode Yaya Mai Taswira, na gode Anti. Kati biyu ma na auna, sun ba ni kusan milimita ɗaya da rabi, daidai abin da nake so. Amma a bidiyon da na gani basilin suke shafawa, wasu kuma ruwa. Wanne ya fi tsakaninsu da hoda?

Mai Taswira:

Basilin ya fi kowanne hana kamu, amma bashi ne, sai ka biya. In ba ka wanke shi tas da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori ba bayan kwaɓin ya ƙulle, fenti zai riƙa tattarewa yana ɓarewa. Ga shi a zafin nan narkewa yake ya cika ramukan. Ruwa yana yi wa koren daidai, amma Milliput in ya sha ruwa da yawa samansa kunu yake zama, zanen ya dushe. Tun da haɗi za ka yi, bi maganar Hajiya. Ni kaina yau na ƙaru, shekara nawa ina manna sandunan ashana a gefe ban taɓa tunanin kati ba.

Na manta ɗazu: ka sa safar hannu ta roba, ko ka wanke hannu da sabulu da ka gama. Ifoksi na sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya fara ƙin sa ba ya dainawa.

Na Tunfure:

Sannunku. Nawa ɗan kaucewa ne kaɗan.

Kafin ka sake sa Yaya sayen wata rolar, ka riƙa duba girman zanen. Sojojin tebur da ake kira 'yan milimita 28 sun kama kusan kashi 1 cikin 56 na girman mutum. Ke nan bulon siminti mai tsawon santimita 45 zai dawo milimita 8, intalok mai santimita 20 bai kai milimita 4 ba. Wasu rololin an yi su ne don falon wasa ko bangon gini, in ka yanko milimita 32 daga cikinsu dutse biyu da rabi za ka samu, sojan ya zama kamar yana tsaye kan burodi.

Ina da firintar 3D, kuma ni nake buga nawa. Abin da ya sa na fara shi ne haushi: duk rolar da ka duba, titin Turai ne, ko ƙarfen masana'anta, ko ƙanƙara. Na zana ɗaya mai dagin Arewa a jere, na zana wata mai tsagewar ƙasa irin ta fadama in ruwa ya janye. Yanzu ina fama da ta daɓe, mai sawun madaɓi. Aibin na bugawa shi ne layukan firinta na fitowa siri-siri a kwaɓin, sai ka sa ta buga da laushi sosai. Kuma robar PLA da firintar ke bugawa da ita tana fara laushi tun wajen digiri 60. Na bar ɗaya a gaban mota da rana na shiga kasuwa, na dawo na tarar da ayaba.

In Milliput ya ƙare kuma ba mai zuwa, nemi Fimo, wani kwaɓin roba mai kama da yumɓu, a masu sayar da kayan zane ko ta intanet. Shi ba ya ƙullewa sai an gasa, digiri 110 na minti 30, don haka zafin Bauchi bai dame shi ba, ka murza ka dunƙule sau goma in ka so. Sai dai kada ka gasa shi a kan mazaunin, robar za ta narke, kuma kada ka bar ɗanyensa zaune a kanta kwana da kwanaki, yana cin ta. Gasa da'irar daban, ta huce, ka manna da sufa gulu.

Abin yanka kuma kada ka saya. Je wajen masu famfo ka karɓi guntun bututun roba na 32, ka wasa bakinsa da samfefa. Ramin cikinsa bai kai 32 ba, saman mazaunin ma bai kai ba tun da gefensa a zube yake. Gwada ka gani, nawa kusan daidai ya zauna.

Baba Mai Tukwane:

Duk wannan wahala da kuɗi a kan laka? Ku zo in ba ku yumɓu kyauta.

Na Tunfure:

Baba Allah ya ƙara girma, mun gwada. Yumɓu in ya bushe tsukewa yake, a kan roba sai ya tsage ya ɓalle. Amma in tsagewar ake so, a shafa farin gam a ƙasa a ɗora shi siriri, babu rolar da ke fitar da irin tasa. Zan zo karɓa.

Ɗan Yelwa:

Jama'a na dawo da rahoto, kwana 5 ke nan.

Rolar tukuna. Ta kwana a firizar maƙwabtanmu, matar gidan ta tambayi ƙanwata ko sabon abin burga miya ne. Da safe manyan guntayen suka ɓantaro da tsinke ɗaya. Akwai wani ɗan yanki kusa da ƙarshe da ya ƙi, na ɗaura masa jan zare don in riƙa kauce masa. Sauran ta isa.

Jiya bayan asuba ban koma ba. Na sanyaya tayil, na haɗa Milliput kashi uku da kore kashi ɗaya, launin ya fito kamar miyar kuka da aka tsinka. Na ajiye ɗan waken gwaji. Don in sani kawai na duba agogo: minti 14 ya daina biyo yatsana. Da na bi Baturen nan da sassafen ma na makara.

Anti, na tashi tsaye kamar yadda kika ce. Hoda, kati, tura sau ɗaya. Da na ɗaga rolar ban ji wannan "ɗaf" ɗin na kamu ba, shiru kawai ta tashi. Na sunkuya na duba. Kowane dutse ya fito da kansa, har ƙananan ramukan da ke saman duwatsun, tsakaninsu kuma siririn kwari kamar an ja da allura, hoda ta kwanta a ciki fari. Na kusa tayar da gida. A shimfiɗa ta biyu zuciya ta ce ɗan ƙara a gefen hagu, na ƙara, ya lalace kamar yadda kika faɗa. Na dunƙule na sake, amma lokacin ya fara tauri, shi ya fi sauran rashin zurfi. Zan ba shi sojan da ya fi faɗin ƙafa ya rufe.

Bututun Na Tunfure ya yi, ya rage ɗan zobe siriri baƙi a gefe, ni ma na fi son sa haka. Na karce saman mazaunin da reza, na ɗiga sufa gulu kaɗan, na ɗora. Abin da ba wanda ya faɗa min kuma na gano da kaina: tafin ƙafar soja a shafe yake, duwatsun kuma tudu-tudu, in ka bari suka ƙulle sojan zai tsaya yana rawa a kan tsinin dutse biyu. Sai na jiƙa ƙafafunsa na danna a hankali tun kwaɓin na da laushi, na cire. Sawunsa ya zauna, daga baya gam kawai zan sa ya koma gurbinsa. Guda ɗaya mai gudu da ƙafa ɗaya a sama na huda masa dunduniya na sa guntun wayar kilif ɗin takarda.

Da yamma sun yi tauri, na goge gefe da samfefa, na wanke hodar, na fesa baƙin fenti mara ƙyalli. Yau na yi wa biyu launi. Ban yi tokar Turai ba. Na shafa ruwan ƙasa mai ja-ja irin ƙasar hanyar Dass, na tsinka baƙi da ruwa da ɗigon sabulu na kwarara ya shige kwarin, ya bushe, sannan na ɗebi fenti mai launin ruwan madara a buroshi na goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa na share saman duwatsun. A tsakanin wasu na sa ɗigon farin gam na barbaɗa ragowar yashina na farko, kamar iska ce ta tara shi. Umma ta ɗauki ɗaya ta kai bakin taga ta juya shi, ta ce ai wannan daɓen ya fi na tsakar gidanmu kyau, ta ajiye ta fita. Ba ta ce 'yar tsana ba, amma ban saki jiki ba tukuna.

An gama 6, saura 2, Milliput kuma ya ƙare ƙaf. Na Tunfure, ta fadamar nan taka nawa za ka buga min, kuma akwai direban da ka sani mai zuwa Bauchi da ba zai ajiye ta a gaban mota ba?